Marke, Kirya ko Itacen Lambu: Wanne Ya Dace da Gashin Hayaƙi da Bandar Nama?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire da almuru ya san cewa ƙamshin da ke janyo mutum daga nesa ba na yaji da ƙuli-ƙuli ba ne kaɗai, akwai rabon itacen da ke ci a tsakiyar tukubar. Mahauta biyu za su iya yankar nama daga sa ɗaya, su barbaɗa yaji iri ɗaya, amma gashin ɗaya ya fito da garɗi, na ɗayan kuwa ya bar wa mai ci ɗaci a maƙogwaro, kuma sau da yawa idan aka bi diddigi sai a tarar matsalar daga wurin mai faskare ta taso. Yanzu da gashin hayaƙi irin na Amurka ya fara shiga gidaje da wuraren cin abinci a manyan biranenmu, inda ake rufe nama a cikin duro ko murhun ƙarfe mai murfi a bar shi yana nuna sannu a hankali, zaɓen itace ya ƙara nauyi, domin naman da zai shafe sa'a goma a cikin hayaƙi ba ya rufa wa mugun itace asiri kamar yadda tsiren minti ashirin zai iya yi.

Kafin a kwatanta bishiya da bishiya, ya kamata a raba aiki biyu da itace ke yi a murhu, saboda yawancin kuskuren masu gashi daga haɗe su yake fitowa. Aiki na farko shi ne ba da garwashi, wato zafi mai ɗorewa wanda ba ya tashi ya faɗi. Aiki na biyu shi ne ba da hayaƙi mai ƙamshi wanda zai kama jikin nama. Akwai itacen da ya ƙware a na farko amma hayaƙinsa ya yi kaifi, akwai kuma wanda hayaƙinsa ke da daɗi amma garwashinsa ba ya jimawa ya zama toka. Mai tsire da mai balangu garwashi suka fi buƙata, don namansu siriri ne kuma a buɗe yake gasuwa. Mai kilishi ma haka, tunda rana ce ke yi masa yawancin aikin, wuta kuwa ta ɗan taɓa shi ne kawai bayan an tsoma shi a labu ya bushe. Amma mai banda, da mai kyafa kifi, da wanda ya rufe ƙirjin sa ko haƙarƙarin rago a cikin duro, su hayaƙin ne rabin sana'arsu.

Dalilin da ya sa itatuwa ke bambanta a hayaƙi yana cikin ƙirarsu. Jikin itace ya ƙunshi manyan sinadarai uku: selulos da hemiselulos, waɗanda asalinsu dangin sukari ne kuma idan suka ƙone sukan ba da ƙamshi mai ɗan zaƙi da launin ja a bayan nama, sai kuma lignin, wanda shi ne ke ƙarfafa itace kuma daga ƙonewarsa ake samun guayakol da siringol, sinadaran da hanci da harshe ke ganewa a matsayin ɗanɗanon hayaƙi. Bayan waɗannan, kowace bishiya tana da nata ƙaro da mai da ruwan jiki, kuma a nan ne alheri ko sharri yake. Bishiyar da ƙaronta ya yi yawa takan ba da baƙin hayaƙi mai kunkunniya, wadda ke da mai mai ƙarfin wari takan sa nama ya yi kamar magani, wadda ruwan jikinta ke da dafi kuwa ba ta da wuri a murhun abinci ko kaɗan.

Sunayen da ake yawan ji a wannan fanni na Amurka ne, kuma yana da kyau a san su domin a gane abin da ake nufi idan an ambace su. A tsakiyar jihar Texas, inda gashin ƙirjin sa ya shahara, itacen oak ne ginshiƙi, musamman nau'in da suke kira post oak, saboda yana ci a hankali kuma hayaƙinsa matsakaici ne, ba ya danne ɗanɗanon naman ko da an shafe sa'a goma sha biyu. A jihohin Carolina da birnin Memphis an fi sanin hikori, mai hayaƙi mai nauyi wanda ke komawa ɗaci idan aka wuce gona da iri. A yammaci da kudancin Texas akwai meskit, wanda ya fi duka zafi da kaifi, har ƙwararru da yawa suka fi son su bar shi ya zama garwashi kafin su ɗora nama. Tuffa da ceri da pikan su ne masu sanyin hayaƙi, ana ba su kaji da kifi, ceri kuma yana ƙara wa fatar nama ja. A gaɓar arewa maso yammacin Amurka da itacen alda ake kyafa kifin salmon, a Jamus da itacen bich ake yawan yin banda, a Jamaika kuwa da itacen pimento ake gasa kazarsu mai yaji.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a wannan jeri shi ne kowane yanki ya ɗauki bishiyar da ke bayan gidansa ne ya gina al'ada a kanta, ba wanda ya aika ƙetare aka sayo masa. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: shawarwari da yawa da ake karantawa game da hikori da tuffa an tsara su ne a kan naman alade, wanda kitsensa da ɗanɗanonsa suka bambanta da naman sa da na rago da na akuya da muke ci. Saboda haka al'adar Texas, wadda ta dogara da naman sa da gishiri da masoro da itace mai matsakaicin hayaƙi, ita ce ta fi kusa da buƙatarmu. Wanda ya sayi ƙaramar jakar ɓarɓashin hikori da aka shigo da ita daga waje da tsada bai yi laifi ba idan kaza ɗaya zai gasa don gwaji, amma ba da ita za a riƙe murhu yini guda ba, kuma ba da ita za a yi sana'a a ci riba ba.

A cikin itatuwanmu, marke ne na farko da zan miƙa wa duk wanda ya tambaye ni, kuma shi ne ya fi cancanta a ba shi matsayin da oak ke da shi a Texas. Itace ne mai nauyi da tauri, wanda matan gida da masu gidan burodi da masu tuwon sayarwa suka daɗe da sanin darajarsa, domin yana ci a natse, ba ya yawan tartsatsi, yana barin garwashi mai daɗewa. Hayaƙinsa idan ya bushe sosai tsaftatacce ne, ba shi da wani wari na daban da zai yi gasa da yaji ko da ƙamshin kitse, wannan kuwa shi ne babban abin da ake nema a doguwar banda. Wanda zai rufe ƙirjin sa ko cinyar rago a zafin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne zafin da aka saba yin irin wannan gashi, yana buƙatar itacen da zai ƙara masa guntu ɗaya bayan kowane minti arba'in ko sa'a guda ba tare da wutar ta yi tsalle ba, kuma marke yana yin haka. Aibinsa biyu ne: masu sayar da itace sun san ana nemansa, don haka ya fi tsada kuma akan cuɗanya shi da wasu, sannan ɗanyensa yana ɗaukar lokaci kafin ya bushe har ciki.

Kirya ita ce abokiyar gasar marke, kuma ta fi shi a wani fanni. Da gawayinta maƙera ke narkar da taurin ƙarfe tun kaka da kakanni, da jikinta ake sassaƙa turmi da taɓarya saboda ko gara ba ta cika iya mata ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna irin zafi da ɗorewar garwashinta. Masana tsirrai sun daɗe suna lissafa ta a jinsi ɗaya da meskit na Amurka, wato Prosopis, kuma a murhu halinsu ya yi kama: zafi mai tsanani da hayaƙi mai ƙarfi. Ga mai balangu da mai tsire, waɗanda ke son bayan nama ya yi ja da sauri cikinsa bai bushe ba, gawayin kirya ba shi da na biyu. Amma a rufaffen murhu sai an yi hattara da ita ta fuska biyu. Zafinta yana iya haura abin da ake so, har bayan nama ya ƙone alhali jijiyoyin ciki ba su narke ba, sannan idan aka riƙa jefa ɗanyen guntayenta a kan wuta sa'a bayan sa'a, hayaƙin yakan taru ya yi wa naman yawa. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a yi shimfiɗar wuta da gawayin kirya, a rage iskar da ke shiga don a daidaita zafi, sannan a nemo hayaƙin daga wani itace mai sauƙi.

Idan aka ɗora su biyun a sikeli, zaɓin ya danganta da tsawon gashi. Duk gashin da bai wuce sa'a biyu ba, kirya ta fi. Duk wanda zai kai sa'a shida zuwa sama, marke ya fi, don ya fi yafe wa mai gashi kuskure. Wanda kuma yake farkon koyo, wanda bai riga ya iya sarrafa ƙofar iska ba, ya fara da marke, ya bar kirya sai hannunsa ya faɗa.

Shi kansa meskit ɗin ma ba baƙo ba ne a yankinmu. An shigo da wani nau'insa ƙasashen Sahel domin tare kwararowar hamada, ya kuma bazu fiye da yadda aka so a gaɓar Tafkin Chadi da cikin Sudan, har ya zama ƙaya ga manoma da makiyaya. Inda yake da yawa, sare shi don gashi taimako ne ga ƙasa, kuma dokar amfani da shi ɗaya ce da ta kirya. Haka labarin ɗunɗu yake, wannan ƙaramar bishiya mai ƙaya da muke rainawa a saura. A Afirka ta Kudu da Namibiya ana kiranta sekelbos, tana cikin itatuwan da aka fi so a gashin nama, a Kuba kuwa, inda ta mamaye gonaki, gawayinta da suke kira marabu shi ne kayan farko da aka fitar zuwa Amurka bisa doka a 2017 bayan fiye da shekara hamsin. Rassanta ba su da kauri, don haka ba ta dace da babban gungume ba, amma ga ƙaramin murhun gida da gashin kaza ko zabo ta isa, kuma ba a yi asarar babbar bishiya ba.

Bagaruwa, wadda majema ke jima da 'ya'yanta, tana cikin ajin masu nauyi ita ma, garwashinta yana da kyau ƙwarai, sai dai ɓawonta cike yake da sinadarin bauri, don haka gara a ɓare shi kafin a sa ta a murhun banda. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, tana ci da zafi kuma ba ta da yawan hayaƙi, wato ta fi amfani a matsayin garwashi fiye da mai ba da ƙamshi. Tsamiya tana da itace mai tauri da gawayi mai kyau, amma ban ga hikimar sare bishiyar da ke ba da 'ya'ya shekara da shekaru saboda gashin yini ɗaya ba, reshen da iska ta karya ko wanda aka rage ya wadatar.

Itatuwan lambu su ne ke maye gurbin tuffa da ceri a wurinmu, kuma a nan ne mai gashi zai iya yin gwaninta ba tare da kashe kuɗi ba. Gwaiba ce na fi so a cikinsu. Itacenta yana da tauri fiye da yadda girmanta ke nunawa, hayaƙinta mai sauƙi ne da ɗan zaƙi, kuma a tsibiran Hawai an san ta a matsayin itacen banda. Ta dace da kaza da zabo da tantabara da tarwaɗa, wato naman da ba shi da ƙarfin ɗanɗanon da zai iya jure hayaƙin kirya. Lemu yana biye da ita, hayaƙinsa ya fi nata sauƙi, ya fi dacewa da kifi mai farin nama irin karfasa. Magarya da kurna suna tsakani, suna da garwashi mai kyau da hayaƙin da bai yi kaifi ba, kuma sun fi samuwa a arewa mai nisa da kudancin Nijar inda lambuna suka yi ƙaranci. Duk waɗannan ba a cika samunsu a wurin masu faskare ba, a wurin masu lambu ake nemansu lokacin da suke rage rassa, da sharaɗin a tambaya ko an yi wa bishiyar feshin maganin ƙwari kwanan nan.

Mangwaro yana buƙatar magana ta musamman, saboda shi ne ya fi kowanne samuwa kuma shi ne aka fi yin kuskure da shi. Busasshen mangwaro yana ba da hayaƙi mai laushi wanda ba ya ɓata nama, amma itacensa bai kai marke nauyi ba, yana saurin cinyewa ya bar toka mai yawa, don haka ba zai riƙe dogon gashi shi kaɗai ba. Ɗanyensa kuwa yana da ruwan jiki mai ƙaiƙayi, irin wanda ke fesowa daga hancin ɗanyen mangwaro ya ƙona leɓen yaro. Sai an ɓare shi an bar shi ya bushe sarai. Ɗan uwansa kashu ya fi shi wannan hali nesa ba kusa ba, kuma shawarata a bar shi gaba ɗaya.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ita ce itacen da talaka ya fi samu a birni, kuma ba adalci ba ne a ce ba ta da amfani. Idan ta bushe, aka bar ta ta ci har harshen wuta ya mutu ya zama jan garwashi, tana gasa tsire ba tare da matsala ba. Abin da ba ta dace da shi ba shi ne rufaffen murhu, domin ɗacin da ke ganyenta da ɓawonta, wanda ake turara shi don korar sauro, yana iya bin hayaƙi ya zauna a kitse. Bishiyar turare, wadda aka dasa da yawa a shingayen tare iska, tana da zafi mai kyau amma man da ke jikinta yana da warin man zafi na shafawa, kuma kitsen rago yana kama wari da sauri fiye da tsoka. Maje da ararraɓi ƙaronsu ya yi yawa, sun fi dacewa da kaskon turare. Kuka da rimi da malina kuwa ba su da nauyin da za su yi garwashi, suna ci kamar kara su bar toka.

Akwai waɗanda haramcinsu na lafiya ne, ba na ɗanɗano ba, kuma a nan ba na sassautawa. Tumfafiya da tinya da aguwa, da duk tsiron da ke zubar da farin ruwa kamar madara idan an karya shi, kada su kusanci abinci, ko da a matsayin tsinken tsire. Ragowar katakon gini da na kujeru masu fenti ko falanki mai gam, da tsofaffin turakun wutar lantarki da katakon layin dogo, duk an jiƙa su da magungunan hana gara da ruɓewa, wasu da kiriyosot, wasu da haɗin da ke ɗauke da asenik, kuma wuta ba ta kashe wannan guba, sai dai ta ɗauke ta ta kai kan nama. Katakon dakon kaya mai tambarin MB an yi masa turaren maganin ƙwari ne. Diddigar zarto daga kasuwar katako tana da araha kuma tana hayaƙi sosai, shi ya sa wasu masu kyafa kifi ke sonta, amma tunda ba wanda zai iya tantance irin katakan da suka haɗu a cikinta, haɗarinta ya fi ribarta. Haka nan kunna wuta da leda ko roba ko tsohuwar taya ko kananzir yana lalata ko da marke mafi kyau, alhali ƙirare da busasshen kara sun isa su tayar da wuta.

Da zan auna nauyin kowane sharaɗi, da na ce bushewar itace ta fi nau'insa muhimmanci, har ma busasshen mangwaro ya fi ɗanyen marke. Itacen da aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa na iya zama ruwa, wanda ya dace da gashi kuwa ruwan jikinsa ya kamata ya sauko zuwa kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa da haka. Ɗanyen itace yana kashe ƙarfin wuta wajen ƙafar da wannan ruwa, sai wutar ta yi sanyi, ta turnuƙe da farin hayaƙi mai kauri, wanda shi ne ke shafa wa nama baƙin maiƙo mai ɗaci da ke sa harshe ya yi nauyi. Hayaƙin da ake so siriri ne, mai ɗan shuɗi, wanda da kyar ake ganinsa yana fita daga bututu. Ana gane busasshen itace da tsagewar da ke bakinsa, da yadda ɓawonsa ke saki da kansa, da ƙarar da yake yi idan aka buga biyu, domin busasshe yana amsawa da kaifi, ɗanye kuwa sautinsa a dushe yake. A ƙasashen sanyi sukan jira wata shida zuwa shekara ko fiye, mu kuwa hunturu yana rage mana jira, matuƙar an faskara itacen an jera shi a kan duwatsu inda iska ke ratsawa. Saboda wannan dalili ne kuma jiƙa guntayen itace a ruwa kafin gashi ba ya ƙara komai, tururi kawai yake fitarwa har ruwan ya ƙafe.

Wannan batu ya wuce ɗanɗano, ya taɓa lafiya. Wutar da ba ta ci sosai, da kitsen da ke ɗiga kai tsaye a kan garwashi ya tashi da baƙin hayaƙi, suna haifar da wasu sinadarai da suka haɗa da benzopirin, wanda aka tabbatar yana jawo cutar daji. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a mikrogiram 2 (mikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowane kilo na kyafaffen nama da kifi tun daga Satumbar 2014, kuma wannan na cikin abin da ke hana bandar Afirka ta Yamma shiga kasuwarsu. Murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Gana a 1969 ya rage yawan itacen da masu kyafa kifi ke ƙonawa, daga baya kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da murhun Thiaroye a Senegal, wanda ke amfani da garwashi, ya tare kitse a faranti, ya kuma tace hayaƙi kafin ya kai ga kifi. Mai duro a gida zai iya kwaikwayon wannan dabara cikin sauƙi: ya tara wuta a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen, ya ajiye faranti mai ɗan ruwa a ƙarƙashin naman, ya bar bututun fitar hayaƙi a buɗe, ya daidaita zafi daga ƙofar iska ta ƙasa.

Girman itacen ma zaɓi ne. Babban murhu mai ɗakin wuta a gefe yana son faskare mai tsawon kamu biyu da kaurin damtse, wanda zai ci da ɗan harshen wuta mai tsafta. Rabin duro mai gawayi kuwa guntaye uku ko huɗu masu girman dunƙulen hannu sun ishe shi, a sa su tun farko, domin nama ya fi karɓar hayaƙi yayin da yake da sanyi da damshi a sa'o'in farko, bayan bayansa ya bushe ya yi ɓawo ƙarin hayaƙi ɗaci kawai yake ƙarawa. Ɓarɓashi yana cinyewa cikin mintoci kaɗan, ya dace da kifi da fukafukan kaza. Jan zoben da ke bayyana a ƙarƙashin ɓawon nama, wanda wasu ke ɗauka shaidar nau'in itace mai kyau, iskar da wuta ke fitarwa ce ke haɗuwa da launin tsoka ta samar da shi, kuma ba ya ƙara ɗanɗano.

Idan aka dawo kan naman da za a ɗora a wayar gashi, ga yadda nake raba su. Ƙirjin sa da tozo da haƙarƙari, waɗanda sai cikinsu ya kai wajen digiri 90 zuwa 95 kafin jijiya ta narke, marke ne nasu daga farko har ƙarshe, ko gawayin kirya da guntayen marke a kai. Rago da akuya suna da nasu ƙarfin ƙamshi, suna jure hayaƙi mai nauyi, don haka a nan ne kirya da bagaruwa da ɗunɗu ke da wuri. Duk wanda ya ga yadda ake banƙare ragunan layya a Yamai da Damagaram, a jera su a tsaye kewaye da doguwar wuta tun hantsi har dare, ya ga aikin da itace mai nauyi kaɗai zai iya yi, kuma nisan da ke tsakanin wutar da naman ne ke hana hayaƙin yin yawa. Kaza da zabo, waɗanda ke nuna idan cikinsu ya kai digiri 74, a ba su gawayi da guntun gwaiba ko magarya biyu, fatarsu tana shan hayaƙi kamar soso. Kifi kuwa, idan na ci ne a ranar, lemu ko gwaiba. Idan banda ce ta ajiya da za ta yi kwanaki a kan wuta, marke ko magarya busassu.

Akwai bishiyoyin da ke da kyau a murhu amma na ƙi saka su a wannan rabo da gangan. Kaɗanya tana yin gawayi mai kyau, wannan ne ma ya jawo mata sara a wurare da yawa, alhali tana shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara ba da 'ya'yan da mata ke yin man kaɗe da su. Ɗorawa ita ce uwar daddawa, gawo kuwa yana zubar da ganye da damina ya ciyar da gona, ya kuma ba dabbobi abinci da rani, itacensa ma bai kai marke ba balle a ce an yi asarar wani abu. Madobiya ta sha sara saboda kasuwar katako ta ƙetare har aka sanya ta cikin jerin bishiyoyin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wato CITES, ke sa ido kan cinikinsu. Su kansu marke da kirya sun yi ƙaranci a kusa da manyan birane, abin da ke ƙarfafa hujjar amfani da murhu mai murfi, wanda ke cin itace kaɗan idan aka kwatanta da buɗaɗɗiyar wuta, da kuma haɗawa da rassan lambu da ɗunɗu.

Mai sayen itace a birni sau da yawa yakan tarar da faskare a cuɗe, ɓawo ya zube, mai sayarwa kuma ya rantse duka marke ne. A irin wannan hali nauyi ne shaida ta farko, domin guntun marke ko kirya yana cika hannu fiye da girmansa. Shaida ta biyu ita ce a ɗauki ɗan sili a ɗora a kan garwashi a sunsuna hayaƙin daga ɗan nesa: wanda ya yi yaji a ido ya shaƙe maƙogwaro, ko ya tashi da warin magani, a ware shi don dafa ruwa. Wanda ya tsallake wannan gwaji, a gasa fukafukin kaza biyu da shi a rufe na rabin sa'a, a bar su su huce kafin a ɗanɗana, saboda ɗacin hayaƙi ya fi fitowa a naman da ya yi sanyi. Wanda ke shirin gashin babbar Sallah ko na biki ya sayi itacensa wata uku ko huɗu kafin lokaci, ya faskara shi a ranar, idan kuma damina ce ya rufe saman jerin da kwano ya bar gefunan a buɗe, domin itacen da ya yi fumfuna warinsa yana bin hayaƙi ya shiga nama.